Ƙunshin Hanta a Ɗakin Kaka

Har yau in na bi ta gaban tukubar mai tsire da la'asar, ƙanshin gasasshiyar hanta ya daki hancina, sai yawuna ya tsinke, gabana kuma ya faɗi. Shekara sittin ke nan da ɗoriya abubuwan nan biyu suna zo mini tare. Jikokina suna zaton tsufa ne ke sa ni tsayawa shiru a bakin titi, har su riƙa jan hannuna. Ba su san ɗakin kakata na koma ba, can a wata unguwar ma'aikata da ke bayan Bompai, ina 'yar shekara tara.

Gara in faɗa maka tun da wuri, mai karatu, ni yarinya ce mai kwaɗayi. Ba na sata, amma na iya zama kusa da mai cin abinci ina haɗiyar yawu da ƙarfi don ya ji. Innata ta yi faɗa, ta yi dunguri, ta gaji ta ƙyale ni. Ka riƙe wannan, don da shi labarin zai tafi.

Kaka, mahaifiyar Babana, ba 'yar birni ba ce. A wani ƙauye take zaune a bakin Kogin Challawa, gaba da Panshekara. Sau biyu aka kai ni gidanta ina ƙarama, kuma abin da na fi tunawa shi ne gidan ba ya rabuwa da abin kai wa baka. Ga awakinta, ga rumbun gero, ga wake da gyada a tukwane. Fulani suna sauka a bayan gari, su kawo mata nono ta ba su hatsi. Masunta su wuce da ƙananan kifaye, ta karɓa ta busar, ta daka a miya. Ita ke surfenta, ita ke dakanta, bakinta kuma ba ya hutawa, in ba waƙa ba to tsiya take yi wa wani.

Da kakana ya rasu ta fita takaba, Baba ya ce wahalar ta isa haka. A lokacin, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai, yana aiki a wani kamfanin matse man gyada a Bompai. Yana da keke, yana da albashi, yana ganin abin kunya ne a ce uwarsa tana daka a ƙauye. Ya ɗauko ta a babbar mota da tukwanenta da tabarmarta. Awakin aka bar wa Baffa, ƙanen Baba da ya zauna a gona.

Unguwarmu jiniyar kamfani ce agogonta. Ta yi kuka da sassafe maza su fita a kan kekuna, ta yi da tsakar rana su fito hutu, ta yi da yamma su dawo riguna duk maiƙo. Iskar wurin kuwa kullum ƙanshin soyayyiyar gyada take ɗauke da shi, har a jikin wankin da aka shanya kana jin sa. Ranar da Kaka ta sauka ta shaƙa ta ce ashe garin nan da hanci ake ƙoshi.

Haƙoranta uku suka rage, su ma suna girgiɗi. Don haka Baba ya nemo mata abin da a lokacin muke yi wa kallon abincin masu hali, wato garin masara na inji, wanda aka cire wa dusa tas, fari kamar alli. Da safe Inna ta dama mata kununsa da sukari, da rana ma kunu, da yamma tuwonsa mai ruwa-ruwa da 'yar miya kaɗan. Mu muna cin tuwon dawarmu da wakenmu, ita an fifita ta. An hana ta taɓa taɓarya, an hana ta tsintsiya. Kullum kuma in Baba ya taso daga aiki sai ya tsaya wurin mai tsiren bakin ƙofar kamfani ya sayi hanta, don ita ce mai laushi, a ƙunshe masa a takarda. Ya haɗa da 'yar ƙwaryar nono daga wajen wata Bafulatana.

Yadda yake miƙa mata ne ya kamata ka gani. Baba ɗan fari ne, Kaka kuwa irin matan dā ce da ba sa kallon ɗan fari ido cikin ido, balle su kama sunansa. Tunda nake ban taɓa jin sunan a bakinta ba. In za ta yi zancensa sai ta ce "yaron nan", in tana jin tsiya ta ce "mai keken nan". Sai ya jingine keke, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa daga bakin ƙofa ya ce, "Iya, ga wannan ku ɗan taɓa." Ita kuwa ta kawar da kai wajen bango ta ce Allah ya yi albarka. Ya tashi ya tafi. Inna ma haka, kunyar suruka ba ta barin ta ta zauna a ɗakin, ajiye kwano take yi ta fito. A gidanmu ba a kallon babba yana cin abinci. Mutum ɗaya ne ke shiga ɗakin nan kai tsaye, ni. Sunan Kaka aka sa mini, don haka takwara take kirana, kuma ba kunya tsakaninmu sai tsokana.

Da zarar ƙafar Baba ta ɗauke sai in ji muryarta ƙasa-ƙasa, "Takwara, zo ki taya ni."

Taya ta kuwa shi ne in cinye. Ta kwance takardar, tururi yana tashi, yaji da ƙuli sun kama jikin hantar, ta turo gabana. Ranar farko na ɗan yi kawaici na ce ai nata ne. Ta ce, "Ni da na gama girma me zan yi da nama? Ke ce da sauran tafiya." Nonon ma ta ce na birni ne, duk ruwa, bakinta bai saba ba. In na gama ta goge mini baki da gefen zanenta don kada Inna ta ji ƙanshin yaji, ta ja mini kunne kada in faɗa wa kowa. Ban kuwa faɗa ba, ina dalili.

Haka muka yi fiye da shekara. Na yi ɓul-ɓul, kumatuna suka ciko, maƙwabta suna cewa yarinyar nan ko me ta ci karɓar ta yake yi. Kaka kuwa ta zauna tana kallona ina tauna, tana murmushi da haƙoranta uku kamar ita ke ƙoshi.

A bazara ta biyu abin ya fara. Kaɗi ne kaɗai aikin da aka bar mata, tana yin sa a tsakar gida da hantsi. Bayan hannayenta ya yi ja, sannan ya yi baƙi ƙirin, ya yi kaushi kamar an ƙona. Wuyanta ma ya yi, a zagaye, daidai inda riga ta tsaya, sai ka ce an rataya mata baƙar sarƙa. Aka shafa man kaɗanya, aka shafa man shanu, fatar sai ƙara tsagewa take yi. Harshenta ya yi jawur, ko gishiri ya taɓa sai ta runtse ido. Sai zawo ya biyo baya. Inna, da kyakkyawar niyya, ta ce maiƙo ne, ta daina ba ta ɗan kunun gyadar da takan dama mata ranar Juma'a, wake kuwa ko kusa. Ya zama daga kunun masara sai kunun masara. Hantar dai Baba bai fasa ba, ya ce ita ce za ta ba ta ƙarfi.

Matan unguwa suka fara ƙus-ƙus, wai kuturta ce. Aka ware mata kwano da moɗa, aka gargaɗe ni kada in ƙara cin komai a kwanonta. Ban karya doka ba, hanta ai a takarda take zuwa.

Na fata da na ciki duk da sauƙi. Wanda ya girgiza mu shi ne na kai. Da farko shiru ne, matar da bakinta ba ya hutawa ta koma wuni tana kallon bango. Ta fara mini tatsuniyar da ta yi sau ɗari, ta tsaya a tsakiya ta ce in tuna mata. Ta tayar da sallar azahar, ta yi raka'a biyu ta zauna tana kallon tafin hannunta, ta sake tashi, ta sake zama, har hawaye ya zubo mata. Wata rana ta ce in leƙa in ga ko maigidan ya dawo daga gona, mutumin da ya kusa shekara biyu a ƙasa. Na yi dariya, na ɗauka tsokana ce. Da na dubi fuskarta sai dariyar ta maƙale mini.

Ranar da ba zan manta ba, farkon damina ne, an yi yayyafi ƙasa tana ƙanshi. Baba ya dawo ya durƙusa a bakin ƙofa kamar kullum. Sai ga Kaka ta ɗaga labule ta fito, ta tsaya a kansa, ta zuba masa ido, ta kira sunansa. Sunansa na yanka, da ƙarfi, har sau uku, kamar mai kiran yaron da ya yi nisa da gida. Ta ce ya tashi ya shigo da awaki, hadari ya taso.

Faifan da ke hannun Inna ya suɓuce, dawa ta watse a ƙasa. Baba yana durƙushe, baki buɗe, ƙunshin yana hannunsa, ya kasa motsi. Shekararsa arba'in a duniya bai taɓa jin sunansa daga bakin uwarsa ba. Ni kaina ji na yi kamar na ga Kaka tsirara. Inna kuwa sai maimaita innalillahi take yi. Sannan Kaka ta juyo ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wannan kuma 'yar wa ce?"

Na ce, "Kaka, ni ce, takwararki."

Ta ce, "Sannu, 'yan mata. Ki gai da mutanen gida."

Na ruga bayan ɗaki na yi kuka har na gaji. Amma ga abin da har yau nake jin nauyin faɗa. Da tsakar gida ta yi shiru na koma ɗakin, na same ta zaune ƙunshin yana gabanta. Ba ta san ni ba, ba ta san ko a wane gari take ba, amma hannun nan mai tsagaggiyar fata ya ɗauki ƙunshin ya turo gabana kamar kullum. Ina kuka ina ci, amma na cinye.

Aka aika wa Baffa ya zo daga ƙauye. Aka yi rubutu ta sha, aka yi hayaƙi, aka yi sadaka, ba canji. Baffa mutum ne mai saurin yanke magana. Ya ce iskokin bakin kogi ne suka biyo ta don an raba ta da gidanta, kuma ya san wani malami a wani ƙauye da ke ajiye masu irin wannan lalura, a sa musu mari na ƙarfe a ƙafa har su dawo hayyacinsu. Baba ya ce ba za a sa wa uwarsa mari yana numfashi ba. Baffa ya koma yana cewa za a neme shi.

Aka kuwa neme shi. Wata Laraba da hantsi Inna tana banɗaki, Kaka ta sulale ta fita, ba mayafi, ba ɗankwali, ba takalmi. Muka bi lungu-lungu muna cigiya. Ni na hango ta, daidai lokacin da jiniyar tsakar rana ta yi kuka. Tana bakin ƙofar kamfanin su Baba, ta riƙe ƙarfen ƙofar da hannu biyu, furfurarta a waje, tana roƙon mai gadi ya nuna mata hanyar kogi, wai awakinta suna jin ƙishirwa. Ma'aikata suka ɓarko, suka yi cirko-cirko suna kallo. A cikinsu har da Baba, kuma na ga lokacin da ya gane ta. Ya cire rigar aikinsa ya lulluɓa mata a ka, ya goya ta a gaban abokan aikinsa duka, ya nufo gida. A ranar ya aika wa Baffa cewa ya amince. Aka tsayar ranar Asabar za a zo da mota.

Na taɓa ganin wani mutum a kasuwa yana jan mari, ƙarfen ya ci idon sawunsa har ƙudaje suna bi. Ƙafafun Kaka kuwa dā ma a tsattsage suke. Daga Larabar nan in na rufe ido ba abin da nake gani sai wannan.

Ashe a cikin taron bakin ƙofa akwai malamin asibitin kamfanin, wani dogo mai tabarau da ke ba ma'aikata magani a wani ɗan ɗaki kusa da ofis. Kowa furfurarta yake kallo, shi kuwa hannayenta da wuyanta. Washegari ya tare Baba ya ce kafin a kai ta ko'ina a fara kawo masa ita. Baba bai sa rai da komai ba, ya yarda ne don kada ya watsa wa mutumin ƙasa a ido. Ranar Juma'a da safe muka je, har da ni, don ko da ba ta san ni ba hannuna kaɗai take yarda ta riƙe.

Ɗakin yana warin magani. Malamin ya gaishe ta da ladabi, ya lallaɓa ta ta fito da harshe ya duba. Ya janye mayafin daga kafaɗarta ya nuna wa Baba, duk inda rana ba ta taɓawa fatar lafiya lau take. Ya ɗauki allura ya ɗan tsikari baƙin wurin, Kaka ta zabura ta auna masa zagi. Ya yi dariya ya ce, "Alhamdu lillahi, da kuturta ce da ba ta ji ba." Sannan ya zauna ya ce, "Malam, me take ci?"

Baba ya gyara zama, don nan ne wurin da ba ya jin kunyar kowa. Ya ce kunun farar masara safe da rana, sannan kullum ta Allah hanta da nono, bai taɓa fashi ba tun da ta zo.

Malamin ya cire tabarau. "Kullum?"

"Kullum. Da hannuna nake kai mata."

Ya juya alƙalami a hannunsa. Can ya ce, "To ka ɗaure mini kai. Na zaci wani ciwo ne da na sani, na wanda ya daɗe a kan farar masara zalla, shi kuwa yana da magani. Amma mai cin hanta da nono kullum ba ya yin sa. In tana ci, to ba shi ba ne, kuma ba ni da abin da zan ba ta. Sai dai ku gwada wani wurin."

Baba ya sauke numfashi ya fara laluben takalminsa da ƙafa. Wani wurin nan na san ko ina ne, gobe motarsa za ta zo. Ina tsaye jikin bango ina jin su. Ka gane, har zuwa lokacin nan ban taɓa tunanin ƙunshin da nake cinyewa yana da wata alaƙa da ciwon Kaka ba. A tsaye a nan abin ya faɗo mini gaba ɗaya. Na tuna alkawarin da na yi mata, na tuna bulalar Baba, na tuna ƙudajen nan. Baba ya riga ya kama hannunta zai tashe ta.

Na ce, "Ba ta ci."

Muryar ta fito 'yar siririya, ba wanda ya ji sai malamin. Ya ce in matso in sake faɗa.

"Ba ta ci. Ni take ba, ni nake cinyewa."

Baba ya juyo. "Tun yaushe?"

"Tun ranar da ta zo."

"Nonon fa?"

Na gyaɗa kai.

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta yi abin da ta Baba ta yi ba. Da fushi ne da na ji sauƙi. Ya dubi kumatuna, ya dubi hannayen uwarsa, ya koma ya zauna daɓas a kan benci. Malamin kuwa har da tafa hannu, ya ce yanzu magana ta fito. Ya ce akwai wani abu a cikin abinci, ɗan kaɗan ne amma jiki ba ya tafiya sai da shi, sunansa bitamin, ranar na fara jin kalmar. Irin wanda Kaka ta rasa, farar masara ba ta ba mutum shi. In ya yanke, fata ce ke fara nunawa, sai ciki, sai abin ya hau kai ya kwashe tunani, in an bar shi ya kai mutum ƙasa. Yana cikin hanta da kifi, nono da wake ma suna tsare mutum daga ciwon, ga shi kuma jibge a cikin gyada. Ya dubi Baba ya ce, "Gyadar nan da kuke wuni kuna matsewa, ko ƙulinta aka riƙa jiƙa mata da ba a kai nan ba." Sannan ya dafa kaina ya ce ba laifina ba ne, duk kakanni haka suke. Na ji shi, amma ban yarda ba, kuma har yau ban gama yarda ba.

Ya yi mata allura, ya ba da ƙwayoyi, ya ce a riƙa dawo da ita. Sharaɗinsa guda ne, duk abin da aka kai mata wani ya zauna ya ga ta haɗiye.

A hanyar gida na yi ta jiran duka, bai zo ba. Sai da muka kusa ƙofar gida Baba ya yi magana, ba tare da ya dube ni ba. Ya ce, "Shekara da rabi ina ajiyewa ina tafiya. Ko sau ɗaya ban zauna ba."

Ranar Asabar Baffa ya zo da mota. Baba ya roƙe shi ya ba shi mako biyu. Baffa ya ce allura ba ta korar iska, kuma in ta sake fita motar gyada ta take ta, alhakin yana wuyan Baba. Ya tafi ko ruwa bai sha ba.

Daga ranar Baba ya karya al'adar gidanmu. In ya dawo sai ya shige ɗakin, ya zauna a tabarma yana fuskantar uwarsa, ya murje hantar da yatsunsa, ya riƙa ba ta a baki. Ita kuwa da yake ba ta san ko wane ne ba, sai ta buɗe baki kamar yarinya. Inna ta koma dama kunun gyada da na gero, tana yi mata faten wake. Ni an kore ni daga ɗakin lokacin cin abinci, sai dai in laɓe a bayan labule. Cikin 'yan kwanaki zawon ya tsaya, harshen ya huce, baƙar fatar ta fara ɓarewa sabuwa tana leƙowa. Kan ne dai shiru, ga kwanakin Baffa suna ta ƙarewa.

Ana saura kwana uku, Baba yana zaune ya ɗaga ludayin nono zai kai mata baki, sai ta tsaya. Ta dubi ludayin, ta bi hannun da kallo har fuskar mai shi. Firgigit ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya wajen bango, ta ƙwala kira, "Takwara!"

Na faɗa ɗakin har ina tuntuɓe.

Ta ce, "Ki ce wa yaron nan ya tashi ya ba ni wuri. Yaushe ya zama marar kunya haka, ya zauna yana kallon bakina?"

Baba ya ajiye ludayin a hankali ya fita. Yana kaiwa zaure muka ji ya fashe da kuka, da ƙarfi, irin na yara. Inna ta faɗi ta yi sujada a tsakar gida, a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ni kuwa na ƙanƙame Kaka, tana ture ni tana cewa zan karya ta da wannan ƙiba tawa.

Ba komai ne ya dawo ba. Watannin nan sun ɓace mata ɗungurungum, ba ta san ta je ƙofar kamfani ba, ba ta san ta kama sunan ɗan farinta ba, ba kuma wanda ya taɓa faɗa mata. Wasu tatsuniyoyin nata sun tafi ke nan, ta fara su amma ƙarshen ya ƙi zuwa. Tafin ƙafarta yana yi mata zugi har ƙarshen rayuwarta, da sanda take tafiya. Da Baffa ya zo ta tare shi da faɗan yadda ya bar awakinta suka rame. Ya ce ai rubutun da ta sha ne sai yanzu ya kama ta, ba wanda ya yi masa gardama.

Saura abu guda. Tunda ba za ta ƙara yarda Baba ya zauna a gabanta ba, gadin ya dawo kaina. Yammacin farko ta kwance takardar, tururin ya tashi, ta turo gabana. Na mayar da hannayena baya na ce na ƙoshi.

Ta ce, "Ke? Ƙoshi?"

Na ce malamin asibiti ya ce ita za ta ci, in ba haka ba ciwon zai dawo. Fuskarta ta canza, har na tsorata ko kan ne ya sake juyewa. Can ta ce, a hankali, "To in ban ba ki ba, kakar me nake?"

Ta ƙi ci, na ƙi ci, hantar tana hucewa a tsakaninmu. Wallahi yawuna yana zuba, ba zan yi maka ƙarya ba. Daga ƙarshe na sa hannu na raba ta biyu, na ce ba zan taɓa nawa ba sai na ga ta gama nata. Ta yi tsaki ta ce an mai da ita yarinya, amma ta ci. A haka muka zauna shekara biyar, har ranar da ta cika, tana cikin hankalinta, ta san kowa.

Yanzu in na bi ta Bompai ba na jin jiniyar nan, ƙanshin gyadar ma ya ɗauke, kamfanoni da yawa sai gini da ciyawa. Bitamin kuwa ga shi nan a kowane kemis, yara ma sun san sunansa. Amma har gobe ina jin ana cewa wane ya fara mantuwa, tsufa ne, ko iska ce. Na san ba kowace mantuwa ce ke da magani ba, na ga waɗanda suka tafi ba su dawo ba. Duk da haka sai na tambaya me yake ci, in aka lissafo mini kuma in ce wa ya zauna ya gani. Sau da yawa a nan ake yin shiru.

Ni ma haƙorana sun yi ƙaura, ɗana yana kawo mini hanta in ya taso daga aiki. Ya ajiye ya fita, waya a kunne. Shi ba kunya ke korar sa ba, sauri ne, amma fitar dai ɗaya ce. Ina kuma da wata jika mai idon kwaɗayi, ban san inda ta gado shi ba. Jiya ta zauna kusa da ni tana haɗiyar yawu, kafin in ankara hannuna ya riga ya tura mata ƙunshin. Na dubi hannun, na ga duk ya yamutse kamar na Kaka. Na janyo ƙunshin na raba biyu.

Ta turo baki ta ce, "Kaka, rowa kika fara?"

Na ce, "Ci naki. In kin gama kada ki tashi, sai kin ga na cinye nawa."